Ranar da Aka Fassara Mini Maganar Ɗana

Ɗana na fari ne, wanda a al'ada ko sunansa bai kamata in kama ba. Lalura ba ta bar ni na yi wannan alkunyar ba. Haihuwarsa ta zo da gardama, ya daɗe bai yi kuka ba, abin ya taɓa masa ƙafa ɗaya da harshe. Hankalinsa garau, amma magana a murɗe take fito masa, sai wanda ya saba yake ganewa. Wanda ya saba kuwa ni ce, ni kaɗai. A asibiti ni ce bakinsa, a Islamiyya ma haka. Ko babansa, idan suna hira ta cije, sai ya ƙwala mini kira daga kicin. Nakan taho ina tsaki, amma a raina daɗi nake ji.

Da gemu ya fara tsiro wa yaron, babansa, wanda ya kusa ritaya daga aikin gwamnati, ya zaunar da ni.

"Ke ga hawan jini, ni ga suga. Ranar da muka kwanta dama, wa zai ji abin da yake cewa?"

Na ce ƙannensa. Ya ce ƙannen ma ai ni suke tambaya. Sai na yi fushi.

Ya samo masa wuri a wani lambu a Rafin Guza, wajen wani dattijo Basakkwace mai renon dashen mangwaro da gwaba a leda. Aikin bai wuce cusa ƙasa da taki a leda ba, da ban ruwa, da tsayawa da masu saye. Na ce a raina ba za a daɗe ba za su maido mini da abina. Har na tanadi baƙar maganar da zan gaya wa babansa.

Ba su maido shi ba. Kullum ni ke raka shi daga Unguwar Sarki a keke napep, in koma da azahar da kular abinci, in sake komawa ɗauko shi. Da farko idan yaron ya yi magana dattijon ni yake kallo, in fassara ina jin kaina. Sannu a hankali ya daina kallona. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wata dabara yake yi ba. Shiru kawai yake yi ya jira, idan bai gane ba ya ce a maimaita. Ni kuwa tun yaron bai kai rabin magana ba nake ƙarasa masa.

A gida zance ya koma Baba ya ce kaza, Baba ya yi kaza, wato dattijon lambun. Har "awo" ya ɗauko ya ajiye "e" ɗin da na koya masa. Rannan ya ce furar da Baba ke sayo musu ta fi tawa daɗi. Furar bakin titi, a leda. Na shiga neman laifin tsohon, na gaya wa babansa ana bautar mana da yaro a rana. Ya dubi yaron, wanda har kumatu ya yi, ya yi dariya.

"Hajiya, kishi kike da tsoho mai cin goro?"

Na ce Allah ya sawwaƙe. Kishi ne kuwa.

Wata azahar na iske su a inuwa, dattijon da ma'aikatansa biyu, ɗana a tsakiya yana ba da labari, suna jiransa ya kai ƙarshe su fashe da dariya. Yana ganina ya katse labarin. Ya taso yana jan ƙafa, ya tsaya gabana bai karɓi kular ba, ya faɗi wata magana idonsa a ƙasa. Ban gane ba. Na ce ya sake, ya sake, ban gane ba. Dattijon ya sunkuyar da kai yana wasa da wata ledar dashe. Na tsaya da kula a hannu har ta yi mini nauyi, sannan na haɗiye girman kaina na tambayi dattijon.

"Hajiya, ba ni son shiga tsakanin ɗa da uwa tai," in ji shi. "Cewa yay yi ki bar kawo mai abinci. Shina son ci da abokan aiki nai. Kuma da marece shi koma gida shi ɗai, ya san hanya."

Na dubi ɗana, ya gyaɗa kai. Babu kalma ɗaya a ciki da ban sani a bakinsa ba. Ban dai taɓa tsammanin zai haɗa su ya gaya mini ba, shi ya sa kunnena ya ƙi.

Na juya da abincina. A keke napep na ja mayafi na rufe fuska. Da la'asar na ji ƙarar ƙofa, ɗana ya shigo shi kaɗai, wandonsa duk taɓo, yana sallama da ƙarfi. Babansa ya yi hamdala. Ni ma na yi, don abin da muka roƙa ke nan. Amma har yau idan na haɗu da dattijon nan nakan rusuna in gaishe shi, in yi masa godiya, kuma har yau ba na ƙaunar ganinsa.