Yadda Arɗo Buba Ya Gyara Mana Manhajar Allurar Shanu

Cikin duk shekarun da na yi ina koyar da kimiyyar kwamfuta a Daura, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda muka yi a wani mashekarin makiyaya kusa da Kongolam, ni da abokin aikina Nasiru, da takarda guda ɗaya mai doka bakwai. Ku da kuka shigo sashen nan daga baya kun sha jin ana tsokanata da sunan Malam Doka. To, ga inda sunan ya samo asali.

'Yan shekaru ne bayan an dawo da shari'a a jiharmu. Ina ƙaramin malami, ban daɗe da dawowa daga karatun digiri na biyu ba. Abin da na karanto kuwa wani reshe ne da ko a cikin masu kwamfuta ba kowa ke son sa ba: bayyana ma'anar manhaja ta hanyar aljabara. Bari in fassara wa wanda ba ɗan sana'a ba. Kafin ka rubuta manhaja, sai ka lissafa ayyukan da za ta yi, sannan ka rubuta dokokin da ke tsakanin ayyukan, kowace doka a siffar "kaza daidai yake da kaza". Ba ruwanka da yadda kwamfuta za ta adana bayanan a cikinta. Duk manhajar da ta bi dokokin ta yi daidai, wadda ta saɓa ko da ɗaya ta kuskure. Ni abin yana burge ni ƙwarai. Abokan aikina kuwa lissafin allo suke ce masa.

A bazarar wannan shekara sai ofishin kula da lafiyar dabbobi na yankin ya nemi sashenmu ya yi masa manhajar rajistar allurar rigakafin ciwon huhu. Tsarin aikinsu shi ne, kowace saniya ana maƙala mata lamba a kunne, a yi mata allura, a rubuta. Garken da duk shanunsa suka samu allura sai a ba mai shi takardar shaida, da ita zai shiga kasuwar Mai'adua ko ya ƙetare iyaka ba a tsare shi ba. A da a littattafai ake rubutawa, tawaga uku littafi uku, ba wanda ya san abin da ke cikin na ɗan'uwansa.

Shugaban sashe ya ba mu aikin ni da Nasiru. Nasiru gwani ne, yatsunsa ba sa tsayawa. Cikin mako biyu ya gama manhajar, tana aiki, har da hoton saniya a shafin farko. Ni kuwa a mako biyun nan takarda ɗaya na cika. Ayyuka biyar na rubuta: buɗe sabon garke, shigar da saniya, fitar da saniya, rubuta allura, da tambayar ko an yi wa saniya kaza allura. Ƙarƙashinsu dokoki bakwai, na ciro su daga yadda manhajar Nasiru take aiki da kuma bayanin da ofishin ya ba mu.

Nasiru ya duba takardar ya yi dariya. "Malam Habu, ni na gina gida, kai kana nan kana zana shi."

Da muka kai wa shugabar ofishin, Dakta Hauwa, wata likitar dabbobi da ba ta da wasa a kan aiki, Nasiru ya kunna mata kwamfuta ya nuna komai. Ta kalla, ta yaba, sannan ta ce, "Ni zan sa hannu a kan takardun shaidar nan. Abin da ke cikin akwatin nan ba na ganinsa. Akwai wanda zai gaya mini da Hausa abin da ya yarda da shi da abin da bai yarda da shi ba?"

Na zaro takardata na ce, "Ranki ya daɗe, ga shi nan."

Ta karanta sau biyu. Ta ce jibi za a fara allura a wajen Kongolam, mu zo da kwamfutar da takardar, a karanta wa masu shanun kafin a soki saniya ko ɗaya.

Ranar muka isa da hantsi a motar ofishin. An riga an kafa shingen itace inda ake tura shanu ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata suna ta fito da kwalaben magani daga akwatin ƙanƙara. Makiyaya sun taru ƙarƙashin wata tsamiya, a tsakiyarsu shugabansu Arɗo Buba, dattijo siriri mai farin gemu, sandarsa a kan cinya. Bayan gaisuwa Dakta ta gabatar da ni, na miƙe na fara karatu, ina mayar da alamomin lissafi zuwa magana.

"Doka ta biyu: in an rubuta wa saniya allura sau biyu, daidai yake da an rubuta sau ɗaya."

Arɗo ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne. Ƙirga ta sau biyu ba ya mayar da ita biyu."

Ta uku ta ce ko wace saniya aka fara shigarwa, garken ɗaya ne. Ta huɗu ta ce saniyar da aka yi wa allura, amsarta "eh" ce har shekara ta zagayo. Duk suka wuce lafiya. Ina jin daɗi kamar ɗalibin da ke kawo hadda ba gyara. Sai na zo ta shida.

"Saniyar da aka shigar sabuwa cikin garke, amsarta 'a'a' ce, sai an yi mata allura."

Arɗo ya ɗaga sanda kaɗan. "Malam, maimaita wannan."

Na maimaita.

Ya nuna wata jar saniya mai dogon ƙaho can gefen shinge. "Waccan tawa ce. Yau za ku soke ta a garkena. Nan da kwana goma zan ba ƙanena Jabbi aronta, shanunsa sun mutu bara. Za ta zauna wurinsa har ta haifa masa, sannan ta dawo. Haka muke yi. To, ranar da ta shiga garken Jabbi, an yi mata ko ba a yi mata ba?"

Na durƙusa, na jawo kwalin magani, na juya bayansa na fara rubutu. Hanyar aikinmu ke nan: ka ɗauki tambaya, ka yi ta musanya ta da abin da doka ta ce daidai take da shi, har ka isa ga amsa. Na bi ta doka ta huɗu, layi uku, na fito a kan "eh". Na koma na bi ta doka ta shida, layi biyu, na fito a kan "a'a". Tambaya ɗaya, saniya ɗaya. A ƙasan kwalin na rubuta abin da malaminmu na jami'a ya ce shi ne mafi munin abin da za ka gani a takardarka: eh daidai yake da a'a.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Wallahi murna ce ta kama ni. Abin da na karanta a littafi shekara biyu, ga shi ya faru a gabana, a kan jar saniya mai numfashi. Na kira Nasiru na ce ya gwada. Ya ɗora kwamfutar a kan bonet ɗin mota, ya shigar da lambar gwaji, ya rubuta allura, ya fitar da ita daga wannan garke ya sa a wancan, ya tambaya. Allon ya ce ba a yi mata ba.

Nasiru ya cire hularsa ya mayar. "Na gwada abin nan sau ɗari a ofis. Ban taɓa tunanin saniya za ta canza garke ba."

Dakta Hauwa ta matso ta tambayi Arɗo ko irin wannan aron yana da yawa. Ya ce a cikin mutanen da ke zaune nan da wuya ka sami wanda ba saniyar wani a garkensa, ban da na saye da sayarwa da na gado. Ta juyo gare mu. "Kun ga abin da zai faru? Ko mu hana Jabbi takarda ya rasa kasuwa, ko mu sake soke dabbar da aka riga aka soka. Kuma in hakan ta faru sau biyu, baɗi ba wanda zai kawo mana shanunsa."

Na tambayi Arɗo, "Baba, in kai ne, yaya za ka faɗi dokar?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana daga gabas take fitowa. "Allura ai a jikin saniya take shiga, ba a jikin garke ba. Inda ta je da abarta za ta je."

Shi ke nan. Kuskurenmu duka ke nan: mun rataya allurar a kan garke, alhali a kan lambar kunne ya kamata ta kasance. Na soke doka ta shida, na rubuta sabuwa: shigar da saniya ko fitar da ita ba ya canza amsarta. Na sake bin tambayar jar saniya ta kowace hanya, kowace ta kai ni ga "eh". Na karanta wa taron, Arɗo ya ce, "Yanzu ka yi magana."

Dakta ta ba da umarni a fara allura ana rubutawa a littafi, mu kuma ta ba mu zuwa la'asar. Muka shiga motar, muka jona kwamfutar da batirinta. A karon farko Nasiru ya ce, "Miƙo mini takardar nan taka." Yana gyarawa, ni ina karanto doka, muna gwada kowace ɗaya. Muka fito muka yi azahar tare da makiyayan, aka ba mu fura da nono, muka koma. Kafin la'asar dokoki bakwai sun tsaya daidai. Saniyar farko da ta shiga sabuwar rajista ta gaskiya ita ce ta Arɗo, shi ya danna maɓallin da yatsansa, yana dariya ƙasa-ƙasa.

A hanyar dawowa Daura bakina bai rufu ba. Direba ma sai da ya ce, "Malam, kai da aka kama da kuskure, kai ke murna?" Na ce masa ai don a kama kuskuren aka rubuta takardar.

Abin da na koya a ranar, shi nake gaya wa kowane sabon malami da ɗalibi a sashen nan. Lissafinmu yana iya nuna maka cewa dokokinka suna karo da juna, amma ba zai taɓa gaya maka wacce ce gaskiya ba. Wannan yana wurin mai sana'ar, mutumin da ya yi shekara hamsin yana bin shanu. Aikinmu shi ne mu rubuta abin da manhaja take nufi a taƙaice kuma a fili, har mai sandar kiwo ya saurara ya ce mana, "Malam, maimaita wannan." In ba wanda zai iya yi maka gardama a kan abin da ka rubuta, to ba ka gama rubuta shi ba.