Gwajin Wata Shida da Ya Ƙare Tare da Kakar Citta

A lokacin ni malama ce a wata makarantar mishan da ke gindin dutsen Kagoro, shekara tara ina koyar da 'yan aji uku. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma aikina na dindindin ne, babu mai tashi da safe ya ce in kama gabana. Har yau in na tuna da hannuna na saki wannan kujera, sai raina ya ɓaci.

Wani kamfanin sayen citta ne ya buɗe ofis a Kafanchan, manajan ya aika a kira ni. Ya ce suna neman wadda ke jin yare, ta san ƙauyuka, manoma kuma sun yarda da ita. Za a fara da gwaji na wata shida kafin a tabbatar da ni, amma wai gwajin al'adar ofis ce kawai, kada in sa shi a raina. Sati biyu ina juya maganar. Hedimastanmu ya ce in nemi hutun shekara ba albashi, idan wurin ya zauna sai in ajiye aiki. Maigidana ya ce in sa a rubuta mini abin da za a duba a gwajin. Ko ɗaya ban yi ba. Manajan da ya buɗe zamanmu da addu'a ya rufe da addu'a, na ji kunyar in ce masa ya kawo takarda. Neman hutun kuwa na ɗauke shi ƙarancin bangaskiya. Na ajiye aiki, ranar Lahadi na yi godiya a coci, 'yan zumuntar mata suka raka ni da rawa har gaba, ina riƙe da zakara.

Na fara aiki daidai lokacin da ake haƙar citta. Wanda ya san mutanenmu ya san busasshiyar citta ba a talla da ita. A ɗaki ake kulle ta, sai rashin lafiya ko biki ya taso a fitar da buhu ɗaya, kuma ba a buɗe wa baƙo wannan ɗaki. Ni aka buɗe wa, domin wasu na koyar da 'ya'yansu, wasu dangin uwata ne. Kullum ina bisa acaɓa, har wajen Gwantu na kai, ina rantse wa tsofaffi cewa waɗannan mutanen kirki ne. Kowace Juma'a manajan yakan karɓi sunayen manoman da lambobin wayarsu da kwatancen gidajensu, ya ce da wannan ake auna ƙoƙarina. Ni sarkin wauta har taswira nake zana masa, in nuna inda ake kauce wa rafi.

Ruwan farko ya sauka, citta ta ƙare a ɗakuna, saura kwana huɗu wata shidan ya cika, sai aka miƙo mini takarda mai layi biyu, wai ban ci gwaji ba. Na shiga ofishin manajan na tambaye shi a ina na gaza, tunda ko sau ɗaya ba a taɓa ce mini gyara nan ba. Bai ɗago ido ba, ya ce umarni ne daga sama, Allah zai buɗe mini wata ƙofa. Wannan kalma ta fi korar ƙona mini rai. Matar da ke kula da sito ce ta ja ni gefe, ta ce a garin da suka baro ma haka suka yi, kowace kaka da sabuwar mace 'yar gari. Na koma makaranta, na tarar wata na tsaye a gaban allona. Hedimasta kujera kawai ya ba ni ya sa a kawo mini ruwa.

Da kaka ta zagayo na je gaida ƙanwar uwata a ƙauye. Tana murna ta ce mutanena sun kira ta a waya sun zo har gida, sun ce ni na turo su, ina gaishe ta. Ashe ni kaɗai aka sallama, sunana yana nan yana musu aiki kyauta.

Ban ce kowane gwaji yaudara ba ne. Amma duk wanda aka yi wa irin wannan tayi, ya ƙirga watannin ya ga da me za su ƙare. Ya sa a rubuta abin da za a auna, kada ya saki na hannunsa, kada kuma addu'ar mai ɗaukar aiki ta hana shi tambaya. Lahadin da ta wuce aka yi sanarwa a cocinmu cewa wani kamfanin citta na neman mace mai jin yare, gwajin wata shida. Na ga wata malama tana rubuta lambar a bayan littafin waƙa. Ana tashi na bi ta, na kama hannunta, na ce ta zauna in ba ta labari.