Ranar Da Na Ɗaga Ido

A shekarata ta biyu a jami'a wata ƙawata ta ja ni ƙungiyar masu koyon tango, rawar mutanen Ajantina. Duk Laraba bayan la'asar muke haɗuwa a wani aji, mu ture bencina jikin bango mu saki labule. Mata zalla, ba mu kai ashirin ba. Mai koya mana wata dattijuwar malama ce ta sashen harsuna, wadda ta koyo rawar a ƙasar da ta yi karatu. Ranar farko duk muka tuɓe takalma a bakin ƙofa kamar masu shiga ɗakin suruka. Malama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to, tunda mun tuɓe, mu nemo safa, don ƙafa ba ta juyuwa a kan siminti.

Na so rawar nan, ba ɓoye-ɓoye. Tafiya ce kawai, amma ta mutum biyu a rungume, ɗaya na ja, ɗaya na bi da baya da baya. Ni da na tashi ina kauce wa kwata da babura a lungunan Yakasai, ƙafata ba ta ba ni kunya ba. Ido ne ya kayar da ni.

A ƙarshen darasi akan saki kiɗa, kowa ta nemi abokiyar rawa, kuma a dokar tango ba a gayyata da baki. Daga inda kike zaune za ki kafa wa mace ido. In ta riƙe kallon ta gyaɗa kai, sai ku tashi. In ta kau da kai, ta ƙi ke nan. Da sa'o'ina lafiya lau. Amma da zarar Malama ta dube ni, sai idona ya faɗi ƙasa da kansa. A gidanmu, wanda ya kalli babba ido cikin ido sunansa mara tarbiyya. Haka na yi ta ƙin Malama ba da sona ba, har kowa ta yi rawa da ita ban da ni. Ga shi ƙarshen zangon za ta yi ritaya, saura Laraba ɗaya.

Na tare ta a bakin mota, kaina a sunkuye.

"Malama, wallahi ba ƙi nake ba."

"Na sani, 'yata, ni ma 'yar cikin gari ce. Amma ba zan zo in ɗago miki haɓa ba. Je ki gwada a kan wadda kika fi jin nauyi."

Wadda na fi jin nauyi ai Innata ce. Ni ce 'yar fari, don haka kunyata take ji. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, sai "ke" ko "waccan". A hannun kakata na girma, a gida ɗaya, kuma ban tuna ranar da Inna ta riƙe ni a jikinta ba. Na san tana sona, amma abin yana ci mini rai.

Ranar Asabar da hantsi gida ya watse, ita kaɗai a tsakar gida tana tsinkar zogale. Na zauna a kan turmi na kafa mata ido.

"Ke, ciwon ido kike?"

Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta ce, "Wannan wace irin rawar marasa kunya ce? Boko dai bai yi ba." Ta ci gaba da tsinka. Ni kuwa taurin kaina na gado ne, ban sauke ido ba. Can ta waiga wajen zaure, ta ce, "Sa sakata."

Da na dawo, ta ɗago ta dube ni. Ta gyaɗa kai sau ɗaya, kamar mai sallama ciniki.

Taku shida muka yi, daga gindin randa zuwa igiyar shanya, ba kiɗa. Sau biyu ta taka ni, ta ce laifina ne. Mayafinta na ƙamshin turaren wuta. Muna tsayawa ta ce a hankali, "Ashe kin fi ni tsawo." Na rasa na yi, dariya ko kuka, sai na haɗa duka.

Ranar Laraba Malama ta dube ni, na riƙe kallon na gyaɗa kai. Muka zaga ajin nan sau uku, 'yan ƙungiya na guɗa kamar an kawo amarya. A adaidaita, tun daga Kabuga nake murmushi ni kaɗai.

Na tarar da Inna a bakin murhu, ta ba ni baya kamar kullum.

"Ke, kin ɗaga idon?"

"Na ɗaga, Inna."

Ta rufe tukunya, ta goge hannu a zani.

"To, sa sakata."