Mista Dankan da Gwaiwar Sani

Laifina ne, ba ni da inda zan laɓe. Ranar da aka shigo da Sani asibitinmu a ƙudundune ba ta taɓa barin zuciyata ba.

Lokacin ni direba ne a wani asibitin kuɗi a unguwar Al Aziziya, a ƙasar Larabawa inda muka je ci-rani. Kullum da safe nakan ɗauko Mista Dankan, wani likitan fiɗa ɗan Sikotlan, daga gidansa a unguwar West Bay. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kowane likita Dokta ake ce masa, har waɗanda suka gama karatu jiya, shi kuwa da furfurarsa Mista. Ban tambayi kowa ba. Na yanke a raina cewa bai ƙarasa karatu ba, farar fata ce ta samo masa aiki.

Sani ɗan Zariya ne, mai gadi, ɗakinmu ɗaya. Gwaiwa ta dame shi, aka sa masa ranar tiyata a hannun Mista Dankan. Ya nemi shawarata, tunda ni nake tuƙa likitan. Na ce, "Malam Sani, mutumin nan ko Dokta ba a ce masa. Ka bari sai ka je gida hutu." Ya fasa.

Bayan 'yan makonni hanjinsa ya shaƙe yana bakin aiki. Ina ta kai da komo a ƙofar ɗakin tiyata, na kasa zama, har Sista Rahila, wata nas 'yar Jos, ta tambaye ni abin da ke cina. Na faɗa mata.

Ta ce, "Haba Habu. A ƙasarsu in likita ya ci jarrabawar fiɗa, sai ya ajiye Dokta ya koma Mista. Ƙarin girma ne." Ta ce haka aka kira mahaifinsa, haka aka kira kakansa, duk aikin da suka yi ke nan.

Mista Dankan ɗin ne ya yi tiyatar. Sani ya rayu, amma an yanke wani yanki na hanjinsa, tsayuwar gadi ta gagare shi, kamfaninsu ya sallame shi. Ku da kuka zo bayana, ku sani rigar asibiti tana sa a yarda da maganar direba kamar ta likita.

Na daɗe ina kauce wa idonsa a ɗaki. Ranar tafiyarsa ni na kai shi filin jirgi. Na sauke jakarsa, na kasa sakinta.

Na ce, "Malam Sani, ban san komai ba na hana ka. Ni na jawo maka wannan. Don Allah ka yafe mini."