Ɗan Notin da Taubashina Ya Cire

Taubashina ne ya cuce ni. Ya cire wani ɗan noti daga motata bai gaya mini ba, ya bar ni wata guda ina zuba hayaƙi tsakanin Wurno da Goronyo, sannan ya dawo yana lallashina in sayar da ita a banza. Ɗan kawuna ne, makanike, garejinshi na bakin kasuwar Goronyo. Tun muna yara muke wasan taubasai, ya zage ni in zage shi, ba mai fushi. Da wasan nan ya riƙa rufe mini baki.

Motar 'yar Kwatano ce mai tobo, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, ita kaɗai na mallaka tun da na bar noman albasa. Abin da ya kai ni wurinshi bai taka kara ya karya ba. Siririn bututun da ke kai baƙin mai ga tobo ne ke tsattsafo. Na aje mishi motar na shiga kasuwa, na dawo ya ce an gama.

Kwana biyu sai ga hayaƙi, shuɗi, mai ƙauri. In na tsaya ɗaukar fasinja a Magarya na taka, sai ka ce an cinna wa bola wuta. Mata na toshe hanci da mayafi. 'Yan kamasho sunka raɗa mini Mai Turare. Daga baya ciyaman na tasha ya ja ni gefe, ya ce in gyara kafin Juma'a ko su cire ni daga layi. Shekara tara ina layin nan. Wanda anka cire sai dai ya koma kabu-kabu ƙauyukan Rabah, inda yanzu ko mai ƙarfin hali sai ya yi addu'a kafin ya shiga.

Na koma gareji. Na ce, "Taubashi, mi ka yi wa motata?"

Ya yi dariya. "Ni? Haba bawana. Mota ta tsufa kamar mai ita, sai a ɗora wa makanike?"

Ko bonet bai buɗe ba. Yana zaune bisa benci yana ɓare gyaɗa ya yanke mata hukunci, wai tobo ya mutu, sabo kuwa ya fi ƙarfina. Amma in kwantar da hankali, akwai wani Alhaji a Rabah da ke neman irinta, zai ɗauka haka nan da hayaƙinta. Washegari Alhajin ya kira ni. Ban taɓa ganinshi ba, ban ba shi lambata ba, amma ya san launin motar, ya san har tsagar da ke gilashin baya. Nan na fara haɗa ɗaya da biyu.

Akwai wani tsoho a Wurno mai gyaran injin ban-ruwa da tarakta. Ba ya yawan magana. Na kai mishi motar, ya kwance bututun daga kan tobo, ya leƙa, ya dube ni.

"Ina mai hudar?"

Na ce, "Baba, wace huda?"

Ya ce a bakin nan akwai ɗan noti mai huda kamar kafar allura. Tobon motata ɗigo-ɗigo yake shan mai, notin ne ke rage mishi. In babu shi, mai ya yi yawa, ya tsallake ya faɗa salansa ya ƙone. Ya girgiza sandar tobon da yatsa, ya ce lafiyarshi lau. Sannan ya ƙara da abin da ya hana ni sakat: wai makanikan yanzu, duk abin da sunka ga ya matse hanya sai su cire, su ce na ƙasar sanyi ne. Ke nan yana yiwuwa jahilci ne kawai. To Alhajin fa? Shi ma jahilcin ne ya ba shi lambata?

Ranar kasuwa na isa garejin taubashina, mutane cike. Ban yi sallama da kowa ba. Na ɗauki gwangwanin da yake tara tsoffin notuna na kife bisa tabarma. Na tona na tona, ga shi nan, ɗan rawaya, bai kai kan yatsa ba. Na ɗaga shi sama.

Ya ce, "Af, wanga? Toshe mai yake yi, taimakonka na yi. Bawa dai ba ya godiya."

Na ce ya maida shi ina tsaye. Ya ga ba dariya a fuskata, ya ɗauko sifana. Na sa ya wanke shi da fetur, na karɓa na hura da bakina, na duba ta rana sai da na ga haske ta hudar. Ya ɗaura shi a kan tobo, ya kawo bututu. Zai maida tsoffin washa na ce a'a, sababbi, na jan ƙarfe. Hannunshi na aiki, idona na kan hannun.

Da anka tada mota hayaƙin bai ɗauke nan take ba, har ya fara murmushi. Tsohon ya riga ya gaya mini sai man da ya taru a salansa ya ƙone. Na kama hanyar dam ɗin Goronyo na taka ta sosai. Kafin in juyo, madubina ya washe, ba hayaƙi.

Na dawo na tsaya gabanshi, injin na aiki, bayan mota fes. Ya buɗe baki zai fara, "Bawana..."

Na ce, "Dakata. Yau ba wasa na zo yi ba. In ba ka san aikin notin nan ba ka cire shi, kai ba makanike ba ne. In ka sani, kai ɓarawo ne. Gobe da safe ciyaman zai tambaye ni mi ya samu motata, gaban direbobi duka. Zaɓi wanda zan gaya musu."