Makin Baba a Wasan Gaggawa

Bayan ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, abin alfahari ɗaya ya rage masa: allon darar Turawa mai kwamfuta a ciki, wanda ya sayo a Jidda. Kai ka motsa 'ya'yan da hannu, ita ta nuna nata motsin da 'yar fitila, in an tashi ta ba ka makin ƙarfinka. Wasanta iri biyu ne, na natsuwa da na gaggawa. Baba na natsuwa yake yi a zaurenmu na Gusau, ya wuni a kai, kuma ciwon bai rage masa maki ba.

Baffa, ƙanensa, ya ƙwallafa rai a kan gonar gadonsu ta Bungudu, wadda Baba ke riƙe wa dangi. Ya bi gida-gida yana cewa yayansa ya ruɗe. Da aka ƙi yarda, sai ya tara dattawan dangi wata Juma'a. Na zo daga Tsafe, inda nake koyarwa.

"Yaya, ka ce kanka lafiya lau," in ji Baffa. "To ga alƙalin da bai da ɗan'uwa." Ya jawo allon, ya danna maɓallin gaggawa. Ya san abin da yake yi sarai, don tare suka koyi wasan.

Baba ya buga da hagu. Ya ture doki, ya tsaya tayar da shi. Duk da haka ya ritsa sarkin kwamfutar a lungu, saura kaɗan, sai ta yi ƙara. Lokacinsa ya ƙare, maki ya zube.

"Kun dai san makinai na bara," Baffa ya ce wa dattawan. "Ga na yau. Inji bai ƙarya."

Na ce ba da mudu ɗaya aka auna su ba, wancan na natsuwa ne. Wani tsoho ya ce, "Lamba ai lamba ta, ɗana." Baba ya buɗe baki zai yi bayani, harshen ya yi masa nauyi, maganar ta fito a karkace. Wani ya ce, "Allah sarki." Daga nan gona ta koma hannun Baffa, kuma har gobe ban yafe masa ba.

Da zai tafi ya sunkuya kan allon. "Wanga abu na wahal da kai, Yaya. Bari in kai ma yara."

Baba ya riƙe gefen allon gam da hagunsa. Baffa ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana yi masa sannu.