Kar-a-Motsa da Hotunan da Babu Kai

Haihuwa da Ƙuruciya

A watan Yunin shekarar 1951 aka haifi wannan baiwar Allah, wadda aka fi sani da laƙabin Kar-a-Motsa, a wani ƙaramin gari da ke gefen layin dogo. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa maɗinkiya, ita ce ta uku cikin 'ya'yansu biyar. Tun tana ƙarama aka lura wasa bai dame ta ba, sai dai ta ɗauki ɗan gilashin da mahaifinta ke maƙalawa a ido, ta yi ta leƙen cikin agogon mutane har ya gaji ya kore ta.

Karatu da Koyon Sana'a

Ta shiga firamare a 1958, ta kammala a 1965, ba ta yi fice a komai ba sai zane. A 1968 mahaifinta ya damƙa ta ga maƙwabcinsa, wani dattijo mai ɗaukar hoto, wanda ya ajiye ta shekara biyu cur a ɗakin wankin hoto kafin ya bari ta taɓa kyamara. A nan ruwan wankin ya rina faratanta suka koma ruwan ƙasa, kuma har ta bar duniya ba su sake yin fari ba. Daga gare shi ta gaji ƙa'idoji uku da ta riƙe tamkar farilla: rana ta kasance a bayan mai ɗauka, mutum ya shiga hoto daga kai har ƙafa, sannan kada kowa ya motsa. Ta ukun ce ta zame mata suna, domin babu alƙali ko ɗan dako da ya zauna a gabanta bai sha wannan tsawar ba.

Aure da Iyali

A 1973 ta auri wani direban jirgin ƙasa, mutum mai haƙuri da barkwanci, wanda yakan ce shi kaɗai ne direban da ake hana wa motsi a gidansa. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1975 da 1986. A 1979 ta buɗe shagonta daura da tasha, ta kuma yi shekara talatin da 'yan kai a cikinsa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne babu ko ɗaya cikin 'ya'yan da ya karɓi sana'ar. Babban ya ce warin ruwan wanki yana sa shi ciwon kai, mai bi masa ta ce duhu take tsoro, sauran biyun kuwa ko uzuri ba su wahalar da kansu sun kawo ba.

Jarrabawa

Mijinta ya rasu a 2009. A 2011 likita ya shaida mata cewa ciwon da ya kama idanunta ba mai warkewa ba ne, ganinta ba zai wuce shekara biyu ko uku ba. Ba makantar ce ta firgita ta ba, sai tunanin cewa abin da dattijon nan ya zuba mata zai shiga ƙasa tare da ita. Saboda haka, da ta ji wata ƙungiyar agaji na neman masu aikin sa-kai da za su koyar da sana'a a gidan marayu a wata ƙasa mai nisa, sai ta ba da sunanta, ta ɓoye maganar idon. 'Ya'yanta suka yi ta magiya, ta toshe kunne. A watan Maris na 2012 ta tashi da akwati biyu: ɗaya na sutura, ɗaya ɗauke da tsofaffin kyamarori goma sha biyu da gilashin mahaifinta.

Shekarun Aikin Sa-kai

An ba ta yara goma sha biyu waɗanda ambaliya ta raba da iyayensu, da tafinta guda, da ɗakin ajiyar tsintsiya wanda ta toshe tagarsa ta mayar ɗakin wanki. Ta ɗora su a kan ƙa'idojinta uku ba sassauci. Duk ranar Asabar takan duba hotunansu da gilashin mahaifinta, ta ware masu kyau dama, ɓatattu hagu.

Akwai wata yarinya 'yar shekara tara da ake kira 'Yar Shiru, wadda mako uku a jere hotunanta suna komawa hagu, domin duk wanda ta ɗauka sai ta yanke masa kai, ta bar hannaye kawai. Malamar ta yi faɗa, ta yi nuni, har ta fara tunanin karɓe kyamarar.

A Asabar ta huɗu ta kara gilashi a ido, ba ta ga komai ba sai hazo. Don kada asirinta ya tonu, sai ta ce daga yau kowa ya miƙe ya faɗi abin da ke cikin hotonsa da bakinsa. Da layi ya zo kan 'Yar Shiru, yarinyar ta ɗaga nata, tafinta yana fassarawa.

"Wannan hannun mai dafa mana abinci ne," in ji ta. "Kullum fuskarta a murtuke, amma in ƙaramin yaro ya zo sai ta nutsa ludayin can ƙasa, inda mai kaurin yake. Wannan kuma na maigadi ne, kin ga ya ɓoye shi a baya don kada baƙi su ga sandar."

"To me ya hana ki ɗaukar fuskokinsu?" in ji malamar.

"Malama, daga inda nake tsaye hannu nake gani. Shi ke ba ni, shi ke dukana. Fuska ai ta baƙi ce."

Tafintan ya ruwaito cewa bai taɓa ganin mamaki ya kama babba a gaban yaro kamar ranar ba. Shekara arba'in da ɗoriya tana ɗaukar fuskokin da mutane suka gyara suka kawo mata, ga 'yar shekara tara ta ɗauko abin da ba su gyara ba. Daga ƙarshe ta laluba, ta kwashe tarin hagu ta mayar dama, ta ce, "Yara, ni ba na gani sosai, na ɓoye muku ne. Daga yau ku ne idanuna."

Daga ranar koyarwarta ta sake salo. Takan tsaya a bayan yaro ta dafa kafaɗunsa, ya gaya mata abin da yake gani da inda haske ya faɗo, ita kuma ta ji numfashinsa a tafin hannunta, sai ya lafa ta ce, "Kar a motsa," ya danna. Ƙa'idar kai har ƙafa ta soke ta da bakinta. Wata shida ta je yi, ta yi shekara uku, hukumar gidan kuma ta sallami maigadin bayan an kafa hotunan yaran a zauren cin abinci.

Komowa da Rasuwa

Ta dawo gida a 2015 ba ta gani ko kaɗan, ta bar kyamarorin a can. Ta zauna wurin autarta har Allah ya karɓi ranta da safiyar Talata, 9 ga Nuwamba, 2021, tana da shekara saba'in. An yi mata sutura, aka binne ta kusa da mijinta, a maƙabartar da ke bayan tasha.

Bayan rasuwarta 'ya'yanta suka zazzage akwatunan shagon suna neman hotonta, cikin dubban fuskoki ba su sami tata ba, domin ba ta taɓa yarda ta zauna a gaban kyamara ba. Bayan wata biyu sai ga ambulan daga 'Yar Shiru, wadda a lokacin ita ke koyar da ƙananan gidan da kyamarorin nan. Hoto ɗaya ne a ciki, babu kai: hannaye biyu masu rinannun farata, dafe da kafaɗun wani yaro. Babban ɗan marigayiyar ya kalla, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Wallahi Inna ce."

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: babban, mai shagon magani, mai bi masa, malamar lissafi, na uku, makanikin jirgin ƙasa, da autar, ungozoma. Ta bar jikoki goma sha ɗaya. A takardar tunawa da ita da iyalin suka rubuta, babban ɗan ya ƙara layi guda da hannunsa: da wasu goma sha biyu a wata ƙasa, waɗanda suka gaje ta.